Motar Guzuri a Hanyar Farasan

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Safa a Jidda, mota biyu. A ta gaba Abba ne da Kawu da yayyena maza biyu, ba su ɗauki komai ba sai wayoyi da tabarau. Ta baya babbar yayata ke tuƙi, Ummi a gefenta, ni da Kaka a kujerar baya, sai kuma duk abin da ɗan Adam ke ci: fulas huɗu na shayi, kular dambun nama, burodin tamis mai zafi da muka saya a bakin layi, dafaffen ƙwai, dabino, da wata baƙar jaka da Kaka ta hana kowa taɓawa. Ƙafafuna a kan katan ɗin ruwa suka yi tafiyar.

Ni na jawo tafiyar nan. Malamar tarihi ta ce kowace ɗaliba ta zaɓi abu ɗaya daga Yaƙin Duniya na Biyu ta yi bayaninsa a gaban aji bayan hutu. Na zaɓi wasu jiragen ƙarƙashin teku na Jamus da ba a cika maganarsu ba, don ba su kai hari. Aikinsu shi ne kai mai da abinci ga 'yan'uwansu masu farauta a tsakiyar teku. Har wurin gasa burodi akwai a cikinsu, da likita, sojojin kuma suna kiransu shanun tatsa. A cikin karatun na ci karo da labarin wani tsohon gini a tsibiran Farasan, Gidan Jamusawa, wanda aka gina tun kafin yaƙin farko don ajiye wa jiragen ruwansu gawayi. Na kasa roƙon Abba da baki, sai na rubuta a takarda na tura ƙarƙashin kofin shayinsa. Ya karanta ya ce, "Shekara goma sha huɗu yarinyar nan ba ta roƙe ni ko alewa ba. Yalla, Farasan."

Abin da ya hana ni sakewa shi ne abbara, babban jirgin da ke ƙetarar da mutane da motoci kyauta daga garin Jizan zuwa Farasan. Na yamma muka samu wuri, bayansa kuma babu gurbi sai hutu ya ƙare. Daga Jidda zuwa Jizan awa takwas ne. In muka makara, sai dai mu gaisa da teku mu juyo.

Hanyar kudu miƙaƙƙiya ce, yashi hagu da dama, teku na leƙowa tana ɓuya. Raƙuma na tsaye bayan shingen waya suna kallon motoci kamar an hana su shiga biki. Ba mu yi awa biyu ba saƙon muryar Abba ya shigo wayar Ummi, wadda ke hannuna: a haɗu a gidan mai na gab da garin Lis, mutanen gaba suna son shayi. Muka jera motocin gefe da gefe, aka riƙa miƙa kofuna da ƙwai ta taga, Ummi ta ba Kawu ƙwayar ciwon kai. Na kalli abin na ji dariya a cikina. Abin da na karanta ke nan, har da likitan.

Ba a gama zuba shayin ba wata farar mota ta tsaya a bayanmu. Ɗan ƙanin Kaka ne, mai aikin kifi a Lis.

"Ahlan! Wato za ku wuce ta ƙofata kamar ɓarayi? Aib, wallahi aib!"

Minti arba'in muka yi a gidansa, da soyayyen kifi da gaisuwar kowa da kowa har waɗanda suka rasu. Abba na murmushi yana satar kallon agogo ta ƙarƙashin hannun riga. Da muka fito ya ce, "Ikon Allah! Ya aka yi ya san muna nan?"

Ni na sani. Guruf biyu ne a wayar, dukansu da hoton Ka'aba iri ɗaya. Ɗaya na gidanmu ne, mu takwas. Ɗayan na dangi ne gaba ɗaya, daga Makka har Bur Sudan har Kano. A babban Abba ke aika saƙonninsa, ƙarƙashinsu kuma furanni da addu'o'i sai zuba suke. Na buɗe baki, Kawu ya juyo ya dube ni, na mayar na rufe.

A Muzailif haka aka sake. Abba ya sanar da wurin haɗuwa, muka tarar da wani surukinmu ya riga mu isa, da kankana biyu da wuƙa da tabarma. Rabin awa. Yayata ta dubi taswira ta ce ratar da muke da ita ta ƙare, ko raƙumi ya tsallaka titi mun rasa jirgi. Ga Ƙunfuda a gaba, garin Gwaggo, yayar Abba. Ba a taɓa shiga gidanta an fita a ranar ba. Ɓoye takalman baƙi take yi.

Abba ya ɗaga waya kusa da baki. "Bari in shaida wa yara, mu haɗu can bayan Ƙunfuda, kada Gwaggonku ta..."

Ban san lokacin da na riƙe hannun rigarsa ba.

"Abba, jiragen guda goma ne. Duka goman an nutsar da su."

Kowa ya juyo ya dube ni, har mai kankana. Abba ya ce, "Waɗanne jirage kuma, ya binti?"

Idona a kan takalminsa na yi bayanin. Na ce ta rediyo ake faɗa wa jiragen guzurin nan na Jamus inda za su haɗu da masu jiran mai, Ingila da Amurka kuma sun gano yadda ake karanta saƙonnin, sai da yawansu su iso su tarar ana jiransu. Jamusawa suka daɗe suna tambayar yadda aka yi aka san suna nan. Sannan na miƙa masa wayar Ummi, na nuna masa guruf ɗin. Saƙo na ƙarshe na Gwaggo ne: hoton tukunya a kan wuta.

Kawu ya yi dariya har shayi ya zubo masa a gemu. Kaka ta leƙo ta taga ta ce, "To 'yar tawa ce Ingila ke nan? Ba ni wayar." Ita kaɗai Gwaggo ke jin tsoro a duniya. Ta kira Gwaggon, muna ji ta ce, "Za mu wuce ta gabanki, ba ma tsayawa. Sauke tukunyar nan. Ranar dawowa ki yanka abin da za ki yanka. Halas, magana ta ƙare."

Daga nan aka hana saƙo. Motar gaba ta yi awa huɗu babu shayi, yayyena na juyowa suna kallonmu ta gilashin baya kamar marayu. Muka wuce baƙaƙen duwatsun Birk da masu sayar da ful, farin furen nan mai ƙamshi, a bakin hanya, ba mu taka burki ba. Mu ne na ƙarshe a layin tashar jirgi. Ma'aikacin ya riga ya kama ƙofar da hannu ɗaya, ya ɗaga mana ɗayan. Sai da na ji ƙarfen jirgin a ƙarƙashin taya na lura ashe tun Muzailif nake riƙe da ɓawon ƙwai.

A cikin abbara sanyin na'ura ya fi na asibiti. Da teku ta fara jijjiga mu Kaka ta buɗe baƙar jakar: citta ce da lemun tsami. Mazan da suka yi mata dariya a Jidda suka aiko a sam musu.

Washegari ƙaramin kwalekwale ya kai mu tsibirin Ƙumma. Gidan Jamusawa dogon kango ne na duwatsun teku, iska na shiga ta ko'ina. Mai kwalekwalen ya ce an ce ba a ma ƙarasa shi ba, kuma babu jirgin ƙarƙashin teku da ya taɓa zuwa nan. Babban yayana ya ce, "Wannan muka bar kankana dominsa?" Ni kuwa na dafa bangon, da ɗumi kamar burodi, na tuna masu gasa burodin can ƙarƙashin ruwa. Ban yarda da yaƙin da suka yi wa hidima ba, amma na daɗe hannuna a kan bangon kafin in ɗauki hoto.

A dawowa muka miƙa wuya a Ƙunfuda. Rago guda, kwana guda, takalmanmu kuma sai da safe suka fito daga cikin injin wanki. Mun shigo Jidda da la'asar, kuloli sun fi cika fiye da ranar da muka tafi.

Na yi bayanina a aji. Da na fara, sai na tuna na riga na yi shi a bakin titi gaban Kawu, na ci gaba har malama ta ce lokaci ya cika. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, motar gaba ake gani, amma ta baya ce ke riƙe da tafiyar. Na kuma gane shirun da na yi a Lis ya ci mana rabin awa a Muzailif, ba kunya ba ce kawai. Abba ma ya koyi nasa. Yanzu in zai aika saƙo sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Duba mini, ya binti, ba Ingila nake aika wa ba?"