Fulawar da Ba Ta Kai Taga Ba

A ƙauyenmu da ke bayan Gidan Goga, idan an sauke tukunyar tuwo bayan magariba, ba a kashe wutar murhu. Kakata, Inna Tumba, takan jawo 'yar kujerarta ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai rowar dariya, ko tatsuniyarta ma ba ta cika ƙarewa da daɗi ba. Duk da haka ba ma fashi.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta yarinyar da Dodo ya rufe a rumbu. Babu ƙofa sai 'yar kafa can sama, ruwa kuma ludayi ɗaya a yini. A gindin bango ta tarar da wani ɗan tsiro mai faɗin ganye. Don murnar samun abokin zama, sai ta riƙa juye masa ruwanta duka, har ganyen ya soma yin rawaya.

A nan Inna Tumba takan maƙale murya. "Sai tsiro ya ce, ke ɗiya, kashe ni za ki yi? Sa yatsa ga ƙasa. In da danshi, ƙyale ni. In ta bushe, ɗan kurɓi ya ishe ni. Ni duhu bai dame ni ba."

Tsiron ya yi ta yaɗo yana bin bango har ya leƙa ta kafar. Muka ce, to yarinyar fa, ta fita?

"Ganye dai ya hita," in ji ta, tana tona toka da kara. "Ku tashi, hira ta ƙare."

Na ji haushinta ƙwarai a ranar.

Yau damina uku ke nan muna Talata Mafara, ni da Baba, a ɗakin haya guda mai 'yar taga kusa da rufi. 'Yan bindiga ne suka tashe mu. Inna Tumba ta riga ta rasu, Allah bai nuna mata wannan ba. Baba, ɗanta, manomi ne da bai taɓa wuni a ɗaki ba, yanzu daga tabarma sai masallaci, abinci ma ba ya ci sosai. Da hadari ya haɗu sai ya fara zancen komawa gona, alhali maƙwabcinmu da ya koma bara har yau babu labarinsa.

Wata malamar makaranta da muke gida ɗaya ta ba ni reshen fulawa mai yaɗo a gwangwanin madara, irin wadda ake ajiyewa a ɗaki. Baba ya karɓe ta, ya yi mata noman da ya sani. Kullum sai ya fitar da ita rana, ya yi mata ban ruwa safe da yamma kamar albasar Bakura. Cikin mako biyu rana ta ƙone rabin ganyen, sauran suka yi rawaya. Na tuna masa tatsuniyar mahaifiyarsa. Sai ya tura yatsa cikin gwangwanin, ya fito da shi duk laka.

Daga nan ya mayar da ita lungu. Sai ƙasar ta bushe yake ba ta ruwa, lokaci-lokaci ya goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɗaura mata zare daga gwangwanin zuwa taga. Ta farfaɗo, shi ma ya koma cin abinci. Sai wata safiya ya ce, "Ran da wagga ta kai taga, ni ko na tahi gona. Kar ki ce ban hwaɗa miki ba."

Tun daga ranar, duk sanda ta kusa taga, in ya tafi masallaci, nakan sa reza in datse kan reshen, in jefa shi a kwalbar ruwa bayan buhu, inda yake yin saiwa. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron.

Jiya ya tsaya yana duban zaren, ya taɓa wurin yankan da yatsa. "Hulawag ga ba ta da sauri," ya ce, yana kallona. Ban ɗaga kai ba.

Ina yarinya ban taɓa tambayar Inna Tumba abin da ya sa Dodo ya rufe yarinyar ba, na ɗauka mugunta ce kawai. Yanzu nakan ce wataƙila shi ma ya san abin da ke waje. Saura taƙi ɗaya fulawar ta kai taga, gobe kuma Juma'a ce, Baba zai daɗe a masallaci.