Nusret da Motar Cuku

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar akori-kura a tudun Peshter ya san garejin Nusret. Shekara arba'in da biyu ya yi a rumfar kwano guda, bayan masallacin ƙauyenmu, kuma aikinsa ɗaya ne: kafireta da duk hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji. In ka kai masa birki ko giya, sai ya nuna maka hanya da haɓa. A soja ya koyo sana'ar, ya dawo da ita haɗe da taurin kai, har yau ba a tantance wanne ya fi ƙwarewa a kai ba. Ba ya zura waya a ƙananan ramukan kafireta. Wankewa yake yi da fetur, ya hura da baki, ya ɗaga wa rana ya leƙa. Marigayiya matarsa takan hana shi matsowa kusa da murhu, wai gashin bakinsa zai kama da wuta.

Bayan rasuwarta, 'yarsu Mersiha da ke aure a birnin Novi Pazar ta tasa shi gaba sai ya rufe garejin ya koma wurinta, a bene hawa na huɗu. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan hawa na huɗun. Yana ta zillewa, sai motar Elmaz ta tona masa asiri.

Elmaz shi ke kai cukun ƙauye kasuwa, a cikin gangunan katako. Motarsa ta ɗauki wani hali: ta tashi lafiya, ta yi tafiyar rabin awa, sai ta fara tari ta mutu. In ta huta kaɗan ta sake tashi. Nusret ya kwance kafiretar ya wanke, ta mutu. Ya canza matatar mai da tiyo, ta mutu. Ya canza famfon mai, ya zagaya ƙauye da ita tana gurnani kamar sabuwa, ranar kasuwa ta sake mutuwa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, alherin shekara arba'in ba ya kai musu mako uku. Aka fara cewa idon tsoho ya tafi.

Maganar ta kai kunnen Mersiha, ta hau bas ta zo.

"Baba, girma ya zo, ba abin kunya ba ne. Ka bari ana maka dariya a shagon kofi?"

"Waɗanda ke dariyar, wa ya koya musu bambanta fetur da ruwan miya?"

"To mu yi haka. In ta ƙara mutuwa, ka rufe rumfar nan ka biyo ni."

Ya ce ya yarda, don bakinsa ya riga hankalinsa. Ta hau bas ta koma gida.

Da kasuwa ta zagayo, Nusret ya shiga gaban motar da kansa. Tsakaninsa da Elmaz aka cusa Avdo, maƙerin gangunan cukun, mutumin da ke alfaharin cewa shekara hamsin gangarsa ba ta taɓa ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba. Suka wuce makiyaya, suka fara hawan tudu, Nusret ya karkata kai yana sauraron inji. Sai ga tarin nan. Motar ta mutu a gefen hanya.

Sau uku a baya Elmaz ne kaɗai a motar. Yau Nusret na tsaye ya ga abin da yake yi in ta mutu: ya ɗauki sanda ya zagaya baya don ya auna mai. Ya yaye wani buhu da ke rataye a bakin tankin, ya kama abu da hannu biyu yana kokawa da shi. Da ya fizge, sai tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa.

"Elmaz, mene ne wannan a hannunka?"

"Murfi mana, Kawu. Nawa ya faɗi tun watan jiya, Avdo ya sassaƙa mini wannan."

Avdo ya sauko yana gyara hula. "Icen kirki ne, na kuma shafe shi da kakin zuma. Ko iska ba ta ratsa shi."

"Ko iska," in ji Nusret a hankali. Dariya ta taso masa tun daga ciki, ya dafa motar har hawaye. "Kai Avdo, tsohon banza, tanki ba gangar cuku ba ne. In mai ya fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ka shaƙe mota, ni kuma ina can ina ba ta maganin ciki. Garin neman gira kun kusa rasa mini ido."

Ya san shi ma da nasa laifin, don girman kai ya hana shi duba ko'ina sai ƙarƙashin bonet. Amma wannan bai faɗa wa kowa ba. Ya zaro siririn tsinken ƙarfe daga aljihu, ya ɗora toshiyar a gwiwa.

"Me za ka yi?" Avdo ya riƙe masa hannu. "Wallahi ba a taɓa huda aikina ba."

"Yau za a fara. Kau da kai in ba za ka iya gani ba."

Avdo ya kau da kai kuwa, yana ƙunƙuni. Huji ɗaya, bai fi na allura ba. Elmaz ya murza makulli, ta tashi, ta cinye tudun nan da cukunta duka ba tari ko ɗaya. Suka gangara har Novi Pazar, Nusret ya fitar da gwiwar hannu ta taga, murna ta cika masa ciki, yana ta yi wa Avdo tsiya duk tsawon hanya.

Bai bari an nufi kasuwa ba sai da aka tsaya a ƙofar gidan Mersiha, ya danna hon da hannunsa har maƙwabta suka leƙo. Ta sauko da gudu, ta dubi motar, ta dubi uban.

"Ba ta mutu ba, Baba?"

"Ta suma sau ɗaya, na gano mai shaƙe ta. Ga shi nan zaune, ki gaishe da kawunki Avdo."

Ta yi dariya, sannan ta ce ya jira. Ta haura hawa huɗun nan, ta dawo tana haki, rungume da sabon bargon ulu, ko takardar shago ba a cire masa ba. Ashe ta riga ta gyara masa ɗaki ta shimfiɗa gado. Ta tura bargon ta taga, ta ɗora masa a cinya, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Rumfar nan taka akwai sanyi," ta ce. "Elmaz, ja motarka, kar cukun mutane ya lalace."