Allurar Injin da Kunnen Malam

Ni mutumin kara ne. Tun ina yaro nake bin mahaifina kasuwar shanu, kuma har yau in na dafa ƙugun sa na san naman da ke jikinsa kafin a sa masa wuƙa. Hannuna ya saba da igiya da ƙaho, bai saba da abin da ake murɗawa a hankali ba. Shi ya sa mutanen gidanmu a Ƙofar Rini ba su gaji da yi mini dariya ba in suka gan ni, da furfurata da tumbina, na durƙusa gaban jirgin wasa ina lallashinsa.

Malam ne ya jefa ni cikin wannan harka. Malamin makarantar koyon sana'a ne, Kirista, mutumin Filato, ya daɗe a Sakkwato har 'ya'yansa sun fi shi jin harshenmu. Duk Kirsimeti wurina yake sayen san da za su yi watanda da mutanen cocinsu. Wata shekara na raka san da kaina har gidansa a Gidan Igwai, sai na ji wata ƙara daga bayan gida kamar injin markaɗe ya haukace. Na leƙa. Ga Malam a tsugune, ga jirgi mai fukafukai da suka fi tsawon hannuwana in na ware su, ga kuma matarsa ta riƙe wutsiyar jirgin ta kau da kai, hayaƙi yana feshe mata zani da mai. Tana ganina ta ce, "Alhaji, Allah ne ya kawo ka. Riƙe." Na riƙe, ta shige ciki, kuma daga ranar ba ta sake taɓa jirgin nan ba.

Da Malam ya ƙara wuta sai na ji abin yana ja na da gaske, irin jan ɗan maraƙin da ya hango uwarsa. Na fashe da dariya ni kaɗai, baki ya ƙi rufuwa. Da ya kashe injin na ce masa, "Malam, abin da ka ja hakanga ba mutum ka riƙe shi ba, turke aka kafa mai." Washegari na dawo da turke da sabuwar igiya.

Ashe sabon inji ba a tashi da shi sama kai tsaye. Sai an yi ta kunna shi a ƙasa, tanki bayan tanki, da mai mai ɗan yawa a cikin fetur, har kayan cikinsa su saba da juna. Haka muka yi ta yi duk Asabar, jirgi ɗaure a turke yana ihu, mu biyu muna kallonsa muna washe baki. Wata maƙwabciya har ta zo da roba cike da wake, wai ta ji an buɗe markaɗe a layin.

Na koyi abubuwa da dama, kuma da wuri. Na iya auna mai da sirinji in zuba a galan in girgiza. Na san ba a ɗura fetur ɗin 'yan bumburutu sai an tace shi da farin ƙyalle, don ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe kafireta. Na san ba a buga farfela da yatsa. Da sanda ake yi, wadda Malam ya sanya wa tiyo. Kafin tashi a bi kowane noti a ɗaure, saboda girgiza tana kwance su. Bayan sauka a zuƙe sauran fetur daga tanki, a goge man da ya fallatsa a cikin jirgin. Tuƙin ma bai ba ni wuyar da na zata ba. A fadamar bayan Kwalkwalawa muke tashi, in an girbe shinkafa, bayan mun gaisa da mai gari da mai gona. Ranar da na fara juya shi a sama da yatsuna, har gida na riƙa yi wa masu keke murmushi ba dalili.

Abu ɗaya ya gagare ni: allura. A jikin kafireta akwai wasu 'yan kusoshi biyu da muke kira allura, su ke ƙayyade fetur ɗin da injin zai sha, ta ƙasa in yana tafiya a hankali, ta sama in an ba shi wuta duka. Ba lamba, ba agogo, da kunne ake saita su. Kuma saitin ba ya zama wuri ɗaya, don na safiyar sanyi daban, na tsakar ranar bazara daban. Malam yakan karkata kai, ya lumshe ido, ya kashe injin, ya taɓa allurar da ɗan sukudireba kamar bai taɓa ba, ya sake kunnawa, sai muryar ta gyaru. Ni kuwa duk ƙara ce a wurina. In na kama sukudireba sai in murɗa kamar famfo.

Wata rana na matsa sai ni zan saita. Na yi ta rufe allurar har injin ya ɗauki wata siririyar murya mai kaifi, ni a dole na ƙware. Malam ya ce injin ya yi ƙishin fetur, in buɗe. Na ce ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba. Ya ƙyale ni. Jirgin ya yi sama kamar gaske, ya kewaya, sai ɗif, shiru. Injin ya ɗau zafi ya mutu a sama. Malam ya fizge rimot ya lallaɓo da shi, amma bai kawo fili ba, ya faɗa kuyyar albasar wani bawan Allah. Farfela ta karye, ƙafa ta lanƙwashe. Mai albasar dariya ta hana shi faɗa, kuma jirgin ya daɗe yana warin albasa.

Ana cikin haka Malam ya ce lokacin ritayarsa ya yi, gida zai koma. Jirgin ba zai bi shi ba, don idonsa ya fara kasa gane gabansa da bayansa in ya yi nisa. Ya ce zai bar mini shi in na iya jin injin. In ban iya ba, ba zai bar shi a hannun da zai ƙone shi ba. Zai ba makarantarsu a rataye a rufin ɗakin aiki yara su riƙa kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Malam, jirgin da ka tashi za a rataye kamar ƙwarya? Wallahi ba a gabana ba." Ya ce to, in buɗe kunne.

Daga nan kullum sai ya sa in juya baya, ya ɓata saitin, ya ce in faɗi abin da ke damun injin. Na yi ta cankar ƙarya. In fetur ya yi yawa in ce ya yi kaɗan. Na je har wurin mai cire dattin kunne, bai hana komai ba. Da Malam ya gaji sai ya tambaye ni yadda nake gane saniya marar lafiya a cikin garke, alhali duk kuka suke. Na ce ai ba kukan nake ji ba, numfashin nake ji. Ya ce, "To ka daina jin ƙarar. Ka ji numfashin."

Ban gane a ranar ba. Amma a hankali sai na fara rarrabewa. In fetur ya yi masa yawa, muryar tana da kauri, yana gurnani yana tuntuɓe, hayaƙi da yawa. In ya yi kaɗan, muryar tana sirancewa, in ka ba shi wuta sai ya yi jinkiri kamar zai shiɗe. Wurin da ake nema yana tsakani, a ɗan karkata zuwa ƙoshi. Na shiga jin numfashin kowane inji a gari. Na taɓa tsayar da wani mai babur a bakin kasuwa na ce masa injinsa na da ƙishi, ya dube ni sama da ƙasa ya wuce.

Asabar ta ƙarshe, an riga an ɗaure kayan gidansa. Muka fita fadama da hantsi. Ya ɓata allura biyun duka, ya miƙa mini sukudireba, ya koma inuwa ya zauna ya harɗe hannu. Na durƙusa gaban jirgin. Na ja cok, na buga farfela, ya yi tari, na mayar da cok, ya tashi. Na saurara. Na kashe, na taɓa kaɗan, na kunna. Na yi ta yi, ban dubi inda Malam yake ba ko sau ɗaya, don na san fuskarsa za ta ba ni amsa. Da na ji injin ya zauna daidai, na kwance igiya na sake shi.

Ya tashi, ya kewaya fadama, ya hau, ya gangaro, muryar ba ta canza ba. Na sauke shi injin yana aiki. Da ya huce Malam ya taso ya kwance fulogi ya duba bakinsa. Ba baƙi ba, ba fari ba, launin shayi da madara. Ya zura sukudireban a aljihun rigata. Ni kuwa, mutum mai iyali, na taka rawa a gonar shinkafar mutane har hulata ta faɗi.

Bayan ya tafi, Asabar ta farko na fita ni kaɗai. Injin lafiya lau, jirgin ya tashi ya sauka, amma ban ji daɗin komai ba. Na kira Malam, na kara wayar kusa da injin. Ya saurara ya ce daidai yake. Muka gaisa, muka tambayi iyali, magana ta ƙare. Na yi kewarsa sosai a ranar, na rasa yadda zan ce masa.

Asabar ta gaba, kafin in kira, na buɗe allurar sama da gangan. Yana ji ya hau faɗa, wai wane irin kunne ne da ni, in rufe kaɗan, a'a ya yi yawa, in koma, in sake kunnawa. Ina jin matarsa daga nesa tana dariya tana cewa an fara. Muka daɗe muna yi, daga allura muka koma farashin shanu, muka koma sanyin Filato. Na dawo gida ina waƙe-waƙe. Daga nan ya zama mini al'ada, kowane mako in ɓata wani abu kaɗan in kira shi ya gyara.

Wata Asabar, bayan ya gama faɗansa, na kashe injin, sai ya ce, "Alhaji, makon jiya ta ƙasa ka ɓata, yau ta sama, wancan makon ta ƙasa. Mai kuskuren gaskiya ba ya bi da bi haka."

Na tsaya da sukudireba a hannu. Can na ce, "To mi kaka so in yi, Malam?"

Ya ce, "Ka riƙa ɓata su duka biyun. Ina da lokaci."

Muka yi sallama. Na goge idona da bakin riga, na mayar da allurar inda na san take, na buga farfela.