Hanyar Idon Ruwa

Jiya na hangi takalman tayar kakana rataye a jikin rumbu, sai na tuna ranar da muka hau dogon dutsen nan na bayan Dauran, shekarar da aka fara Shari'a. Can ƙololuwa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa. Kaka kaɗai ya rage da sanin hanyarsa, kuma ni ya zaɓa ya nuna wa.

Dutse na ƙona tafin hannu, Kaka yana haki, ƙamshin goro na fita daga bakinsa. Duk inda hanya ta karkata sai ya ce, "Waiwaya ka riƙe alama." Ina waiwayawa, amma rufin gidan su Hafsi nake nema, wadda nake rubuta wa wasiƙu irin na littattafan soyayya.

"Ja'iri, mi kaka kallo?"

"Alama, Kaka."

"Madalla, na sauke nauyi."

Bai ga damina ta gaba ba. Sau uku na koma ban sami ruwan ba, makiyaya kuwa har yau suna tambayata. Hafsi tana Shinkafi da 'ya'yanta, ko sunana ba ta riƙe ba. Allah ya shayar da Kaka ruwan Alkausara, ni kuma ya yafe mini ƙaryar nan.