Nababa Mai Gyaran Baya da Ƙugun Surukinsa

A ƙauyenmu, can bayan Tsanyawa, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan har ba ka gane iyaka sai da gamba, idan ka hangi mutum yana tafiya a karkace yana dafe da ƙugu, ba sai ka tambaye shi inda za shi ba. Zauren Nababa ya nufa.

Nababa ɗan masu ɗori ne. Ya gaji haɗa karaya a wurin mahaifinsa, sannan a shekarun da yake cin rani a Kano ya zauna a ƙarƙashin wani mai gyaran ƙashin baya ya ƙaro sani. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya ɗaga murya ko da akuya ta yi masa ɓarna. Kayan aikinsa ba su wuce wani faffaɗan benci da aka shimfiɗa wa bargo ba, sai kwalbar man kaɗanya.

Wanda bai taɓa zuwa ba yakan shigo a tsorace, don labari ya riga ya kai masa cewa Nababa ɓalla mutane yake yi kamar rake. Alhali rabin aikin hira ce. Zai tambaye ka yaushe ciwon ya fara, me ka ɗaga, ta wane gefe kake kwanciya. Zai ce ka taka zuwa bakin ƙofa ka dawo, yana ƙare maka kallo kamar mai cinikin bijimi ranar kasuwa. Sai ka tuɓe riga ka yi rub da ciki, ya bi gadon bayanka da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, yana cewa, "Nan ne?" In ka ce nan ne, ya gyara maka kwanciya, ya ce ka ja numfashi ka saki, kafin ka gama sakin sai ka ji ƙas! Galibi tsoron ya fi zafin yawa. Kashegari jiki ya yi tsami kamar ka wuni kana huɗa, daga baya ya saki. Kuma ba kowa yake taɓawa ba. Wanda ƙafarsa ta mutu, ko ya faɗo daga kan bishiya, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, sai ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. A nufi asibiti a ɗauki hoto."

A shekarun nan da rayuwa ta yi tsada, takin zamani ya gagari talaka, kowa ya koma kwasar takin gida a kan jaki, sai zauren Nababa ya cika. A cikin waɗanda mangala ta kayar har da Malam Iliyasu, dattijo mai jikoki. Ya sunkuya zai ɗora wa jakinsa kaya, jakin ya goce, ƙugu ya riƙe. Ga gero ya tsiro, ga ciyawa ta taso masa. 'Ya'yansa maza duk suna birni wurin nema, 'yan ƙwadago kuwa ba a ma maganarsu. In noman farko ya wuce shi, abincin shekara ya tafi.

Sai dai Furera, matar Nababa, 'yar Malam Iliyasu ce.

"Malam, ka je wurin yaron nan mana," in ji matarsa, Inna Kulu.

"Ni? In tuɓe riga in kwanta rub da ciki a gaban mijin 'yata? Kulu, lafiyarki kuwa?"

"To ka tafi Kano."

Ya lissafa kuɗin motar da direbobi ke karɓa a wannan zamani, ya girgiza kai.

"Ko kuwa ka je ka roƙi ciyawar ta jira ka," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da hantsi sai ga shi yana dogara sanda, ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Nababa ya durƙusa har ƙasa, ido a kan tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi. Wucewa nake yi, na ce bari in leƙo."

Gumi kuwa yana tsattsafo masa a goshi. Da ƙyar aka lallaɓa shi ya hau bencin da rigarsa da hularsa. Nababa ya ɗora yatsa a ɗarare.

"Nan ne, Baba?"

"Da sauƙi."

"Nan fa?"

"Alhamdulillahi."

Tun daga wuya har ƙugu, ko'ina da sauƙi. Dattijo ba zai yi raki a gaban suruki ba, Nababa kuma ba ya danna baya da ka. Ya tsaya ya sosa ƙeya, sannan ya ce yana zuwa. Jim kaɗan ya dawo da Mati, taubashin Malam Iliyasu, ɗan gwaggonsa, wanda tun suna yara ba a taɓa jin sun faɗa wa juna magana mai daɗi ba.

"Kai! Wa nake gani an shanya haka kamar kilishi?" in ji Mati tun daga bakin ƙofa. "Iliya, ashe kai ma kana kwanciya?"

"Wa ya kira wannan sarkin surutu?"

"Cire buhun nan tukuna, ba walima ka zo ba." Ya janye babbar rigar da kansa, ya bar shi da 'yar shara.

Nababa ya kau da kai wajen bango, ya ɗora yatsa. "Baba Mati, a tambayar mini Baba ko nan ne."

"Tsoho, an ce nan ne?"

"Ba nan ba ne, makaho. Ƙasa kaɗan."

Yatsa ya sauka.

"Nan fa?"

"Nan ne! Nan ne, Mati! Ni da jakin nan sai a lahira!"

Daga nan baki ya buɗe. Duk abin da ya ƙi faɗa wa surukinsa ya zazzage wa taubashinsa: ta hagu yake kwanciya, ƙafa ba ta mutu ba, ruku'u ne ke gagararsa. Nababa yana saurare kamar ba da shi ake ba. Ya shafa mai, ya tausa wurin har ya yi laushi, ya juya dattijon a kan gefensa.

"A ce wa Baba ya ja numfashi, ya saki."

Ƙas!

"Wayyo Inna!"

Nababa ya duƙufa yana rufe kwalbar mai, wadda da ma a rufe take.

"Nababa," in ji Mati, "ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Baba Mati. Sai dai ko akuyar maƙwabta."

"Ita ce kuwa. Na gane muryarta."

Malam Iliyasu ya sauko a hankali, ya miƙe, ya taka. Bai warke sarai ba, amma karkatar ta ragu, har ya fara zancen fartanya. Nababa ya roƙi Mati ya isar da saƙo: jiki zai yi tsami gobe, a riƙa 'yar tafiya, a dawo a sake dubawa, kuma kada a taɓa fartanya sai kasuwa ta zagayo.

"A gaya masa ciyawa ba ta san ranar kasuwa ba," in ji dattijon.

Suruki ba ya musu da suruki. Kashegari da sassafe ya ja ƙyauren zaurensa, ya saɓa fartanya, ya bi gidajen waɗanda ya taɓa miƙar wa da baya, aka yi gayya a gonar Malam Iliyasu. Suka nome ta, ban da wani ɗan gefe a bakin hanya. Nababa ne ya ce a bar shi. Ya san mai gonar ba zai ji daɗin tuwon geron da hannunsa bai taɓa ba.

Da kasuwa ta zagayo, masu wucewa suka ga Malam Iliyasu a wannan gefen, yana sara yana miƙewa ba tare da dafa ƙugu ba. Da ya gama ya zagaya gonar, ya duba aikin 'yan gayya, ya aiko Mati.

"An ce in gaya maka," in ji Mati, "hannunka a baya ya fi hannunka a gona. Kuma an ce Allah ya yi albarka, amma wannan a hankali aka faɗe shi."

Geron ya yi kyau a shekarar. Har yau Malam Iliyasu da Nababa ba su taɓa tayar da zancen ba, gaisuwa ce kawai, ido a ƙasa. Mati ne dai, duk sanda ya zo wucewa ta ƙofar gidan taubashinsa, sai ya tsaya ya tambayi Inna Kulu lafiyar akuya.