Man Gyaɗa a Keken Matata

Duk wanda ya shigo cocinmu a Samaru ran Lahadi zai ga Littattafai masu Tsarki sanye da rigar jar fata a hannun dattawa. Ni na ɗinka su. Ba sayarwa nake yi ba, kyauta nake bayarwa, kuma har yau babu wanda ya dawo mini da tasa ya ce ta warware. Ina faɗin wannan da alfahari. Amma yadda na fara, ba abin alfahari ba ne.

Shekarar da na ajiye aikin tuƙi a jami'a, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Kakana baduku ne. Ina yaro na sha zama gefensa yana huda fata da basilla, sai dai ban koya ba, aka sa ni makaranta, ita ma ban wuce firamare ba. Da zaman ya ishe ni, na sayo fatar akuya jemammiya guda biyu, na ce bari in ga ko jinin yana nan. Da hannu na fara. Ɗinkin ya fito a karkace, wani taku dogo, wani gajere, yatsuna kuwa duk suka yi kanta.

A falonmu akwai keken ɗinkin matata, baƙi, na ƙafa, wanda mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenmu. Da shi ta ɗinka wa 'ya'yanmu kayan makaranta, da shi kuma take ɗinka wa matan zumuntar coci ankonsu duk shekara. Na ce ta bar ni in gwada fata a kai.

Ta ce, "Maigida, wannan na yadi ne. Fata tana da nata keken, da tata allurar."

Na ce mutumin da ya yi shekara talatin yana buɗe injin mota ba shi za a koya wa keken ɗinki ba.

Ran Alhamis da la'asar take zuwa zumunta. Tana fita na hau keken. Fatar akuya falle ɗaya ta wuce sumul, har na yi dariya ni kaɗai. Alhamis ta biyu na sayo kirgi, wato fatar saniya mai kauri, na ninka, zan yi maɗaurin jaka. Allura ta karye. Na sa wata, ta karye. Ta uku ma haka, har na ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ga fatar tana manne wa ƙafar da ke danne yadi, ba ta tafiya. Sai na tuna kakana yana shafa wa fata mai don ta yi laushi. Na shiga kicin na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba, na shafa wa fatar, ragowar kuma na ɗiga a duk ramin da na gani a jikin keken. A tunanina mai dai mai ne. Na goge, na rufe, na sayo allurai na mayar mata cikin gwangwaninta.

Mako uku babu abin da ya faru. Ana cikin haka matan zumunta suka kawo atamfar ankon bikin godiya na kaka. Matata ta zauna za ta fara, keken ya yi nauyi kamar ana tura mota a yashi. Zare yana tsinkewa, ɗinki yana tsallake. Ta matsa da ƙafa, sai wani baƙin mai mai danƙo ya gangaro ta sandar allura, ya zauna a gaban rigar uwar zumunta. Ta wanke, ta sake wankewa, tabon bai fita ba.

Ranar da uwar zumunta ta zo, ina zaune a wurin. Ta ɗaga rigar, ta dubi matata. Matata ta ce ita ma ba ta san abin da ya faru ba. Nan ya kamata in buɗe baki, kuma na buɗe, amma ga abin da ya fito: "Mama, ku yi haƙuri. Keken ya tsufa, mai keken ma ido ya fara ja baya. Ta yiwu ta cika masa mai ba ta lura ba."

Uwar zumunta ta tattara atamfofin gaba ɗaya, ta ce za su nemi tela a kasuwa. Shekara ashirin matata tana wannan ɗinkin. Da matar ta fita, matata ta ja ƙyalle ta rufe keken, ta shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan haka ta ce mu kai shi Sabon Gari, wurin mai gyaran da ta saba da shi. Na ce ta huta in kai. Ta ce ƙafarta ƙafar kekenta. Muka kwance kan keken, muka tare mai keke napep, yana ta dariya wai yau keke ya hau keke. Ni dai ban yi dariya ba.

Mai gyaran Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu. Shagonsa cike da kawunan kekuna har rufi. Ya juya tayar da hannu, ya buɗe ƙasa, ya sa yatsa ya lakato, ya kai hanci.

Ya ce, "Mama, ƙosai kike soyawa a ciki?"

Ta ce, "Wane irin ƙosai?"

"Man gyaɗa ne wannan. Haba Mama, ke da nake nuna wa sababbin teloli in ce su yi koyi da ke? Man girki in ya kwana a ƙarfe ƙaro yake zama."

Ta ce, "Ɗana, tun da aka ba ni keken nan ban taɓa sa masa wani mai ba sai nasa."

Ya ci gaba da tono. Ya zaro ƙoshiya, wadda kwarkwaron zare ke zama a ciki, ya nuna mata inda bakinta ya karce. Sannan ya sa ɗan hantsaki ya ciro guntun allura, da wani ɗan zaren jar fata. Ya ajiye su a tafin hannunsa, sai ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Baba, ai na gani. Mama nake jira ta ji."

Na faɗa mata duka, daga Alhamis ta farko har murfin kwalba. Ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta tambayi mai gyaran ko zai tashi. Ya ce zai jiƙa shi a kananzir, ya canza ƙoshiya, ya daidaita haɗuwarta da allura, mu dawo bayan kwana uku.

Ranar karɓa, ta zauna ta gwada shi a kan ƙyalle. Ya tafi da muryarsa ta da. Ta shafa kansa. Sai ta ce wa mai gyaran, "Nuna wa mutumin nan keken fata, ya rabu da nawa."

Idona ya faɗa kan wani babba, mai amfani da lantarki, fentinsa yana sheƙi. Ta ce, "Da wace wutar? Kuma wannan gudun nasa kafin ka ce tsaya ya cinye fatar da yatsanka." Ta nuna wani tsoho a lungu, mai dogon hannu, irin na masu gyaran takalma, wanda ake juyawa da hannu. Duk fentinsa ya goge. Ta sa aka kawo guntun kirgi, ta ninka biyu, ta ɗinka da kanta, sannan ta kifa fatar tana duba bayan ɗinkin. Ta ce a nan ake gane keke, in zaren sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiya ba a ganin ƙulli. Ta ninka uku, ya wuce. Ta ce, "Wannan za mu ɗauka."

Mai gyaran ya ɗora allura biyu a farcensa ya ce in duba da kyau. Ta yadi bakinta tsini ne, tana ratsa tsakanin zare. Ta fata bakinta kamar 'yar wuƙa, yanka take yi. Ya ba ni zaren leda mai kauri da kwalbar man keke, fari kamar ruwa, ya ce, "Baba, wannan ba a miya da shi."

A gida ita ta koya mini. Ta ce in buɗe takun ɗinki, don in ramuka suka matsu fata yagewa take yi a layin. Ta ce in gwada a guntu tukuna, domin yadi in ka farke ramin yana rufewa, na fata kuwa yana nan. In zare ya yi ƙulli a ƙasa, kada in taɓa sukudireba, in fara zare zaren in sake sa shi daga farko. Sau da yawa abin ke nan. Yau ina jin sautin kekena in san allura ta dakushe. Na ɗinka wa jikokina jakunkunan makaranta, na yi wa maƙwabcinmu mahauci kuben wuƙa, ɗalibai ma sukan tsaya a ƙofa su ɗauki hoto.

Amma a makon farkon nan, tana koya mini ne kamar malama da ɗalibi, ba wasa, ba dariya. Ran Laraba na ce mata ai keke ya gyaru, ta yi haƙuri haka nan.

Ta ce, "Keke ya gyaru. Idona fa? Har yanzu a wurin matan can makauniya ce ni."

Washegari Alhamis na sa babbar rigata na bi ta zumunta. Mata sun kai arba'in, ni kaɗai namiji. Bayan addu'a na nemi izini na miƙe. Na ce idon matata lafiyarsa lau, ita ke sa mini zare a allura. Na ce ni na hau kekenta a ɓoye, ni na zuba masa man gyaɗa, ni kuma na ɗora mata laifin a gabansu.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Baba direba, motar jami'a ma da man gyaɗa ka riƙa tuƙa ta?" Wurin ya kaure da dariya. Wata ta ce a ba ni kasko in riƙa kawo musu ƙosai. Na tsaya na shanye, don na ci a yi mini.

Uwar zumunta ba ta yi dariya ba. Ta ce telan kasuwa ya riga ya yanka rabi, wannan ya wuce. Sauran rabin yana gidanta a ɗaure. Ta dubi matata ta ce, "'Yar'uwa, mu ma mun yi saurin yarda. Za ki karɓa?"

Matata ta ce za ta karɓa, amma ba ita za ta ɗauko ba. Ni na ɗauko ƙunshin a ka, daga gidan uwar zumunta har falonmu, ta tsakiyar kasuwar Samaru, tana tafe a gabana tana gaisawa da mutane.