Tsinin Shinkafar Bu Retno

Kafin a buɗe wa marasa lafiya ƙofa, Bu Retno (Bu kamar a ce Malama ne a harshensu) ta riga ta jingine babur ɗinta, ta shiga ɗakin da ake ɗaukar hoton maman mata don gano ƙari, riƙe da wani dunƙulen roba. A cikin robar akwai ɗige-ɗige ƙanana kamar ƙwayar yashi. Sai ta saka robar a na'urar hoto: in ta nuna su, a fara aiki. In ba ta nuna ba, ko kai wane ne sai ka jira. Haka take yi a wannan asibiti na birnin Surabaya tun gashinta yana baƙi.

Masaniyar kimiyyar na'urorin hoto ce, da digirin digirgir ɗinta, amma har gobe shugaban asibitin "mai gyaran inji" yake ce mata.

Ma'aikatan jinya ba su manta shekarar da ta hana aiki da na'urar ba, ta ce na'urar ta fara makancewa. Shugaba ya yi ta kumfar baki, wai tana korar masa mutane. Da aka gyara, aka sake kiran matan da aka ce lafiyarsu ƙalau, sai ga ƙari a jikin biyu. Suna nan da ransu. Likita suka kai wa kwandon mangwaro na godiya, ba ita ba.

Bu Retno, ke ce idon na'ura. Ke kike karɓar masu manyan digiri, ki zaunar da su shekara biyu suna koyon aikin asibiti a hannunki, kina fatan samun magaji. Duk wanda ya ƙware sai ya hau jirgi ya tafi ƙasar waje. Ba ki taɓa zagin ko ɗaya ba. Ni kam wallahi abin yana ci mini rai.

Ranar Juma'a aka yi mata walimar ritaya. Aka kawo tulin shinkafa rawaya mai tsini, ta yanke tsininsa, wanda a al'adarsu ake miƙa wa wanda aka fi ji da shi. Shugaba har ya gyara tsayuwa. Ta wuce shi, ta miƙa wa Gilang, ɗalibinta na ƙarshe.

"Karɓi, ɗana. Na ji Singafo ta kira ka aiki, Allah ya sa albarka. To ranar Litinin wa zai saka robar?"

Gilang ya sunkuyar da kai. Shugaba ya ce a ci abinci kada ya huce.

Mun gode, Bu Retno. Mai son yin koyi da ita, ba sai ya yi jawabi ba. Robar tana kan teburinta, kuma Litinin mata za su yi layi.